Ƙugin da ke Bayan Bango

Sabon injin ya daɗe a cikin kwalinsa a ƙarƙashin teburin cin abinci, ba wanda ya buɗe shi, domin Hajiya Hasiya ta ce ba a gidanta ba.

Gidan kuwa, in za a bi gaskiya, ba nata ba ne ita kaɗai. Ɗaya ne daga gidajen nan na garin Largo a Amurka da aka jera manne da juna. Ɗanta Munzali da matarsa Tayyiba suna ƙasa, ita da mijinta Malam Muntaka suna sama, kowa da ɗakinsa, bango ɗaya a tsakani. Bangon Amurka kuma sunan bango kawai ya ci. Allo ne aka shafa wa fenti, in mutum ya yi tari a can sai ka yi masa sannu daga nan.

Malam Muntaka na da ciwon nan da numfashi ke ɗaukewa a cikin barci. Kafin likitoci su raɗa masa suna, minshari ake ce masa, ana dariya. Fiye da shekara goma ke nan da aka ba shi injin farko: akwati kamar rediyon dā, da tiyo, da abin rufe hanci wanda shi Malam ke kira takunkumi. Aikinsa ya tura iska cikin maƙogwaro kada hanyar ta toshe. Yana da ƙugi kamar injin markaɗe da aka jiyo daga wata unguwa, ya hau, ya sauka, ya hau, ya sauka, har asuba.

To, injin ya tsufa. Likita ya auna ya ce iskar ta ragu, ba ta kai yadda ake so. Ko ba likita ma ana gani. Malam ya koma gyangyaɗi a zaman tahiya, kuma ran nan a hanyar Clinton barci ya sace shi a gaban jar danja, sai da na baya suka cika titi da ham.

“Umma, inshora ta riga ta biya,” in ji Munzali, ranar wata Lahadi bayan sun ci abinci. “Sabon ƙarami ne, shi yake gane yawan iskar da Baba ke buƙata. Kuma ba ya ƙara ko kaɗan.”

“Na karanta takardar da aka liƙa a kwalinsa,” in ji Hasiya. Ta koyar da malamai a kwaleji shekara da shekaru kafin ta bar gida, kuma ba ta taɓa sa hannu a kan abin da ba ta karanta ba. “An ce kullum da safe yana aika wa kamfani labarin yadda ubanka ya kwana. Ƙarfe nawa ya kwanta, sau nawa ya juya. A garinmu mai wannan aikin munafuki ake ce masa, ba a kuma ajiye shi a gefen gado.”

Malam Muntaka ya yi dariya har da buga cinya. “Su sani mana, Hajiya. Me ya rage da nake yi da dare wanda zan ɓoye?”

Tayyiba ta tashi da sauri ta kwashe kwanuka.

“Likita ne ke gani, Umma, ba kowa ba.”

“Haka suka ce. Bara sun ce ƙwai na kashe mutum, bana sun ce a ci. Duk abin da aka ce sabo ne ya fi, ka tambayi wanda ke sayar da shi.”

Munzali ya shafa kansa. Tun yana ƙarami bai taɓa cin uwarsa a gardama ba.

Maganar tata ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce dalilin ba. Dalilin yana cikin abin da yaron ya faɗa yana murna: ba ya ƙara ko kaɗan.

Mahaifinta a Malumfashi shi ma mai minshari ne, irin wanda maƙwabta ke sa shi a hira. Tana budurwa, wata rana kafin kiran assalatu ta farka ba ta san abin da ya tashe ta ba. Ba kare, ba ɓarawo. Sai can ta gane shiru ne. Shirun ne ya shigo ɗakin ya taɓa ta. Da gari ya waye masu ta’aziyya suka yi ta cewa ya dace, mutuwa a cikin barci ai rahama ce, ba wahala. Ba ta taɓa yarda ba. Wa ya leƙa ya gani? Mutumin da iska ta ƙi shiga ƙirjinsa, a cikin duhu, shi kaɗai, wane ne ya dawo ya ce musu da sauƙi?

Saboda haka tun da injin ya zo gidan take barci da kunne ɗaya a jikin bango. In ta farka ta ji ƙugin na hawa yana sauka, sai ta ce alhamdu lillahi, Malam na nan, ta juya. Wannan ƙugin ne kaɗai ya ba ta barci a ƙasar nan.

Wani zai ce, to ta koma ɗakinsa mana ta huta. Wanda zai faɗi haka bai san irin gidan da ta fito ba. Mace mai jikoki, da surukarta a ƙarƙashin rufi ɗaya, ta ɗauki matashi a idon yara ta nufi ɗakin miji? Tun da aka kawo Tayyiba gidan ba ta sake kwana a can ba. Ba wanda ya hana ta, ba kuma wanda ya taɓa ɗaga maganar. Ita da ta yi shekaru tana gaya wa ɗalibai kada su karɓi abu don kawai an gada, wannan ɗaya ta karɓe shi ba tambaya. Ta gwammace a ce tsohuwa ce mai taurin kai da a ce tsohuwa ce mai sauraron numfashin mijinta.

Constance ce ta rushe mata komai, ba kuma da niyya ba. Maƙwabciyarsu ce da ake kira Maman Becky, ’yar Kafanchan, nas ce a wani gidan kula da tsofaffi a Laurel. Takan biyo da safe in ta taso daga aiki, su sha shayi a kicin, su yi gulmar Amurka da Hausa. Ranar ta shigo idonta ja, ta zauna ba ta cire rigar sanyi ba.

“Maman Becky, lafiya? Kin ga fuskarki kuwa?”

“Bari kawai, Hajiya. Wani tsohona ne ya tafi. Mutumin kirki, kullum sai ya tambaye ni ko na ci abinci.” Ta riƙe kofin da hannu biyu. “Abin da ya tsaya min, na wuce ƙofarsa ya fi a ƙirga, ina jin injinsa na aiki, na ce barci yake. Da na shiga ba shi magani, ya riga ya yi sanyi. Injin kuwa yana ta hura masa iska, yana ta hurawa, kamar ba abin da ya faru.”

Hasiya ta ajiye cokali a hankali.

“Ba ya tsayawa?”

“Wa zai gaya masa? Tsofaffin injunan nan ba su san komai ba. In dai akwai wuta, su kam aiki suke.”

“Amma ai yana hawa yana sauka. Da numfashin mutum yake tafiya.”

“Yana sabo, wataƙila. In ya tsufa kuma ta ƙofa kike ji, wallahi ba ki bambancewa. Ni da aikina ke nan ban bambance ba.” Ta ɗaga kai. “Hajiya, shayinki zai huce.”

Hasiya ba mai karɓar magana ba ce don nas ta faɗa, ko da nas ɗin ƙawarta ce. Ta jira Juma’a. Munzali ya ɗauki ubansa zuwa masallaci, Tayyiba na wurin aiki, yara na makaranta. Gidan ya zama nata.

Ta tura ƙofar ɗakin Malam. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan gadon da ya gyara da kansa, yadda ya saba. Ƙamshin turarensa, carbinsa a rataye, tabaransa a kan littafi. Ta ɗauki abin rufe hancin, ta kifa shi a kan matashi, ta zagaya maɗaurin ta ɗaure tamau kamar yadda yake yi a kansa. Ta ja bargo. Ta danna makunnin.

Sannan ta fita, ta ja ƙofar, ta shiga ɗakinta, ta kwanta a gefen da take kwanciya, ta kai kunnenta ga bango.

Ya hau. Ya sauka. Ya hau. Ya sauka.

Ba bambanci. Har ɗan shaƙewar nan da takan ji can tsakiya, wadda take cewa Malam ne ya juya, ga ta nan, ta zo ta wuce. Jikinta da bai san komai ba ya saki, kamar yadda ya saba, har ta ji bakinta na shirin cewa alhamdu lillahi. Malam kuwa yana can masallacin Laurel a sahu. A ɗakin da ke bayan bangon ba kowa, sai matashi da bargo, kuma ɗakin yana numfashi.

Ta daɗe a kwance. Tsigar jikinta ta tashi ta ƙi kwanciya. Ta tuna dararen da ta yi murmushi a cikin duhu ta juya, na sanyi da na zafi, da daren da aka sallamo shi daga asibiti yana jan ƙafa, wanda ta kwana tana gode wa Allah saboda ƙugin bai yanke ba. Ashe duk tsawon shekarun nan ba ta san komai ba. Ba gadinsa take yi ba. Sa’a ce kawai ta sa kullum da asuba yake buɗe ƙofa. Kuma yanzu, saboda ƙugin da bai taɓa gaya mata komai ba, ta bar shi yana kwana da iskar da ba ta ishe shi ba.

Da ta tashi kashewa sai ta kasa shiga. Ta tsaya a bakin ƙofar, hannunta a kan mariƙi, tana jin abin na ja yana saki a ciki. Wani tunani marar kan gado ya zo mata, wai in ta buɗe za ta tarar da mutum a ƙarƙashin bargon. Ta yi a’uziyya a bayyane, ta tura, ba ta dubi gadon ba, ta fizge wayar daga bango.

Da suka dawo suka same ta a falo, kwalin a kan tebur, ta riga ta yanke shi da wuƙa.

“Haɗa masa,” ta ce wa Munzali.

“Umma? Munafukin?”

“Haɗa, na ce. Tsohon kuma ka fitar min da shi daga gidan nan yau. Kada ka sa shi a gareji.”

Malam Muntaka ya ƙura mata ido. Ya san matarsa. Ya jawo kwalin, ya tura wa Munzali.

Bayan sallar isha’i ta naɗe bargonta, ta ɗauki matashinta, ta fito. Sai ga Tayyiba ta hawo da gorar ruwan da ake zuba wa injin. Suka yi kiciɓis a saman bene, inda ba wurin kaucewa. Yarinyar ta dubi matashin, ta yi sauri ta mai da idonta ƙasa, ta manne da bango.

Kunya ta hau Hasiya tun daga ƙafa har wuya, irin wadda rabonta da ji tun tana amarya. Ba ta juya ba.

“Kawo ruwan, ni zan zuba. Daga yau nan za ki riƙa samuna in kina nemana. Ki gaya wa mijinki, kada ya zo yana ƙwanƙwasa ɗakin da ba kowa.”

“To, Mama. Allah ya tashe mu lafiya.”

“Amin.”

Malam na zaune a bakin gado yana juya sabon abin rufe hancin a hannunsa. Ya ga matashin, ya ga mai shi, gemunsa ya motsa.

“A’a. Baƙi muka yi? Da kin aiko, ai da na sa turare.”

“Matsa, Malam. Tsufa bai rage maka komai ba sai hankali.”

Ya matsa. Ya ɗaura abin, ya danna, wata ’yar fitila ta kama ta mutu. Shi ke nan. Hasiya ta kasa kunne ba ta ji komai ba sai motar wani da ta wuce a waje.

Ta kwanta a bayansa ta ɗora tafin hannunta a haƙarƙarinsa. Ya yi wata magana a cikin abin rufe hancin, wataƙila cewa ya yi hannunta da sanyi. Ba ta ɗauke ba. Ba a jima ba jikinsa ya yi nauyi.

Sai a lokacin ta ji shi. Numfashi ne ɗan ƙarami, siriri, na tsoho, ba ta taɓa sanin haka ya koma ba. Ƙirjin ya taso a ƙarƙashin hannunta, ya koma. Sannan ya tsaya. Ba wanda ya gaya mata cewa tsakanin numfashi da numfashi akwai wuri, wuri mai faɗi da duhu, wanda mutum zai iya tsayawa a ciki ya ƙi fitowa. Ta riƙe nata, idonta a buɗe.

Ƙirjin ya taso.

Ta saki ajiyar zuciya, ta gyara hannunta, ta jira na gaba.