Maɓallin Wuyan Nea Anghel

Kowace safiya, kafin Nea Anghel ya yarda ya sa wani abu a baki, sai ya ja silifas ɗinsa zuwa kabad ɗin kaya, ya lalubo wuyan tsohuwar rigarsa ta kanikanci. Riga ce da wando a haɗe, shuɗinta ya koɗe, baƙin mai ya ci gwiwoyinta har suna ƙyalli. Inda maɓallin wuya ya kamata ya zauna ba komai sai guntun zare. Zai murza zaren nan da yatsu biyu, ya ce, "Bai sauka ba tukuna." Sannan ya rufe kabad, ya zo ya ci tuwon masararsa da cuku kamar kowane mai hankali.

'Yarsa Dorina ta fi kowa sanin abin da zaren nan ke riƙe da shi. Lokacin yaƙi, sa'ad da jirage ke zuwa suna ruwan bama-bamai kan matatun man garin Ploiești, Anghel bakanike ne a filin jirgin soja, wansa Ilarie kuwa matuƙi. A rukuninsu suna da wata ɗabi'a: kafin matuƙi ya rufe murfin jirgi, sai ya tsinke maɓallin wuyan bakanikensa ya jefa a aljihu, in ya sauka lafiya ya miƙa masa ya mayar. Wata rana Ilarie ya tsinka, ya tashi. Ba a ga jirgi ba, ba a ga gawa ba, yau shekara sittin ke nan.

Da Anghel yana cikin hayyacinsa ya san wansa ya mutu, har kyandir yake kunna masa a coci. Amma tun da tsufa ya fara cin kansa ya manta sunan titinsu, ya manta matarsa ta rasu. Abu ɗaya ya rage masa: Ilarie yana sama a jirginsa, ana jiransa. Muddin zaren yana nan, tsoho yana ci, yana barci. Dorina ba ta roƙon Allah fiye da haka.

Sai ga mijinta Octavian da nasa haukan. Direban bas ne, ƙato mai tumbi, ya shiga ƙungiyar nan ta masu kwaikwayon zamanin yaƙi. Wai raya tarihi suke! Maza masu furfura, su taru a fili ranar Asabar suna sara wa juna. Da can kowa matuƙi yake so ya zama, sai suka ga tumbi ba ya shiga rigar matuƙa, jirgin ma ba su da shi, suka koma kanikawa. Kanikanci ba ya son komai sai sifana da ganga da datti. Tela zai ɗinka musu riga sabuwa fil, su jiƙa ta a ruwan shayi, su ja ta a kan tsakuwa, su shafa mata baƙin mai, duk da haka da ka gani ka san ƙarya ce. Ga ta gaske kuwa a kabad ɗin surukinsa tana rataye.

"Yini ɗaya, Dorina," in ji shi. "Bayan ya karya kumallo in ɗauka, kafin yamma na mayar. Ko sani ba zai yi ba."

"Ba kayan wasa ba ne."

"Wa ya ce wasa? Girmama shi za mu yi. Pompiliu ya ce bai taɓa taɓa ta gaske da hannunsa ba."

Pompiliu shi ne shugabansu, tsohon malamin makaranta, wanda zai iya ɓata yini guda yana gardama kan faɗin aljihu. Octavian ya yi ta naci, a kicin, a mota, a bakin coci, har Dorina ta gaji. Ta yarda, amma ta ce kar ruwa ya taɓa rigar, kar a sha taba kusa da ita, kar wani ya sa ta sai shi. Maganar maɓalli ba ta ko ɗauko ba. Wa ke gidan nan da bai san labarin ba? Ta manta mijinta irin mazan nan ne da ake wa magana suna gyaɗa kai, hankalinsu yana wani gari.

Ranar Asabar da yamma ya dawo yana warin giya, ya rataye riga da kansa, ya ce an yi ta ɗaukarsa hoto.

Washegari Dorina tana tuƙa tuwo ta ji silifas sun nufi kabad. Ta ji an buɗe. Ta jira kalmomin nan da ta saba, ba su zo ba. Can ta ji wata irin kuwwa da ba ta taɓa ji daga bakin ubanta ba.

"Ya sauka! Dorina, ya sauka!"

Ta same shi riƙe da wuyan riga, hawaye suna bin gemunsa, yana dariya. Ga maɓalli nan na tagulla, mai kambin sarki, an ɗinke shi ram.

"Ɗora wani faranti. Fito da giyar baƙi. Ina rezata? Yaya ba ya son ganin soja da gemu."

Ta fita tsakar gida, ta tarar da Octavian yana wanke mota.

"Me ka yi?"

"Me na yi?"

"Maɓallin, Octavian! Wane ɗan banza ya ɗinka maɓalli?"

Ya tsaya da soso a hannu. "Au. Ai Pompiliu ne ya ce ba a fita fili da wuya a buɗe, ba bakaniken da saje zai bari haka. Yana da gwangwani cike da na ainihi, na shekarar ma. Har zaren irin na da ne, ke ba ki ga..."

"Na gani. Shi ma ya gani."

Sai a nan fuskarsa ta canza. Ya ajiye soso a hankali, ya ce shi ya ɗauka faɗuwa maɓallin ya yi. Dorina ta dube shi, ta ji ta tsane shi har cikin ranta, shi da Pompiliu da gwangwaninsa.

Nea Anghel ya yi aski, ya yanke haɓa wuri biyu. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya ja kujera bakin ƙofar gida ya zauna yana kallon titi. Kaka ta yi nisa, ana yayyafi mai sanyi. Dorina ta kawo tuwo, ya ture.

"Sai ya zo mu ci tare. Ya tsaya ba kwamanda rahoto ne, kin san su da dogon turanci."

"Baba, ka shigo ciki ka jira shi."

"Ya iso ya tarar ba kowa a ƙofa? Haba!"

Duk motar da ta wuce sai ya yunƙura ya miƙe. Maƙwabciya ta gaishe shi, ya ce mata wansa ya dawo, ta kalli Dorina ta yi saurin wucewa. Da ƙyar aka shigo da shi da yamma. Gari na wayewa ya koma, da tari a ƙirji, ko ruwan shayi ya ƙi. Likita ya zo ya ce in tsoho irin wannan ya ci gaba da ƙin abinci, to a shirya.

Octavian ya zo mata da dabara, yana murza hula. "Akwai wani a cikinmu, siriri ne, yana da kayan matuƙi cikakku. In ya sa tabarau ya zo ya rungume shi..."

"Ka kawo min ɗaya daga cikin 'yan wasanku gidan nan, na rantse da kabarin uwata sai na watsa masa tafasasshen ruwa. Fita ka ba ni wuri."

Da rana, tsoho yana gyangyaɗi a kujerarsa, ta ɗauki ƙaramin almakashi ta shiga ɗakin. Ta yanke maɓallin, ta bar guntun zare daidai yadda ta san shi tun tana yarinya, ta murza shi ya yi laushi. Ta ce a ranta ai yana manta komai, sunanta ma wani lokaci sai ta tuna masa. Zai taɓa, ya ce bai sauka ba tukuna, ya ci abinci. Ta jefa maɓallin a aljihun rigar girkinta, ta je ta kamo hannunsa.

"Zo mu duba rigar, Baba."

Ya biyo ta yana ja da ƙafa. Ya lalubo wuya. Yatsunsa suka tsaya a kan zaren, suka daɗe.

"Ya sake tashi," in ji shi.

"E, Baba. Zai dawo. Zo ka ci..."

"Ya shigo har ɗakina ya tsinka, bai tsaya mun gaisa ba." Ya juyo ya dube ta, idonsa a buɗe tar, tsoro fal a ciki. "Wa ya duba masa inji?"

Ya saki wuyan rigar.

"Ni ne bakanikensa. Ina can ƙofa ina barci kamar jaki. Ban duba mai ba, ban duba farfela ba, ban duba komai ba. Dorina, ya tashi ban duba ba!"

"An duba, Baba, wani ya..."

"Ba wanda yake taɓa jirginsa sai ni." Ya zauna bakin gado, ya ɗora hannayensa kan gwiwa yana kallonsu. Muryarsa ta koma ƙasa. "Wannan karon ba zai sauka ba. Ni na kashe shi."

Dorina ta durƙusa gabansa tana kuka, tana cewa ba haka ba ne, tana jin maɓallin yana tokarar cinyarta ta cikin aljihu. Bai ko dube ta ba. Ta tashi ta ɗumama tuwon, ta kawo, ta ajiye kusa da shi da cokali. Tuwon yana nan har ya sake hucewa.