Bugu Ɗaya

"Kar ka sa mai! Ka ga yana harararka," in ji Hajo.

Na aje kwalbar man keken. Malam Babaji na kwance a gado, bakin ya karkace, idon nan kuwa kamar zai cinye ni. Ko da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana, ba ta taɓa masifarsa ba.

Ni kafinta ne, ƙofa da taga na sani. Amma katanga ɗaya ce tsakaninmu a Ƙofar Guga, wa Hajo za ta kira in ba ni ba? Fiyano ta kira ni in duba, wato abin kiɗan nan na Turawa da ake danna haƙoransa, tsohuwa ce mai tsayi kamar kabad, tun zamanin da mijinta Malam Babaji ke koyar da kiɗa a makarantar horon malamai. Ɓeraye sun gama da cikinta. Da ciwon ya kada shi sai aka jingina gadonsa da ita, hannun hagu na kaiwa haƙoran ƙarshe, cikinsu kuma guda ne kacal ke da murya. Da shi yake kiran matarsa. In ta ɗaga murya daga madafa ta ce "Malam, lafiya?", bugu ɗaya na nufin lafiya lau. Bugu a jere kuwa, ta yar da komai ta zo.

To damina ta shigo, haƙorin ya fara gardama. A danna shi ya yi ƙara, sai ya kwanta, ba ya tasowa balle a sake bugawa.

"Malam, don Allah bari in ɗaura maka ƙararrawar keke mu huta," na ce.

Ya juya fuska bango. Wai shi za a ba ƙararrawa, kamar mai tallan kankara!

Haka na cire allon gaba, yana nuna mini da yatsa, ina bi kamar makaho. Na zare haƙorin. Ramin da yake hawa kan ƙusa an shimfiɗe shi da jan ƙyalle, laima ta kumbura shi ya matse. Na danne ƙyallen da filaya a hankali, na goga bakin fensir. Can ciki kuma akwai ɗan itacen da ke harba 'yar gudumar da ke bugun wayar kiɗan, wani siririn sifirin ke maido shi mazauninsa, tsatsa ta cinye shi saura ƙiris. Na ɗan miƙar da shi na mayar. Malam ya gwada: tin, tin, tin, tin. Rabin bakinsa ya yi dariya.

"Sifirin ɗin nan ba zai kai mu ko'ina ba, Hajo," na gaya mata a zaure.

"To mi za a yi, Aminu?"

Na zaga masu gyaran agogo da masu rediyo, har Batagarawa na je. Kowa na kwatanta masa sifirin ɗin sai ya ce sai dai Kano. Na ba wani direba saƙo.

Ranar Talata aka wuni ana ruwa. Da la'asar ina rumfata ina fere ƙafar kujera, na ji Hajo ta katanga, tana fama da itace jiƙaƙƙe: "Malam, lafiya?"

Tin.

"To madalla," ta ce, ta ci gaba da hura wuta.

Ba a yi kiran magariba ba na ji salatinta. Na tsallaka a guje. Ya zamo rabi daga gadon, numfashi ya riga ya tsaya, yatsansa na kan haƙorin, haƙorin na kwance. Farcen har ya karye. Na ɗaga shi na mayar kan gadon.

Washegari da muka dawo daga maƙabarta na shiga yi mata gaisuwa. Mata cike da tsakar gida, ita tana ɗakin ita kaɗai, zaune bakin gadon da aka naɗe katifarsa.

"Aminu, kai ma ka ji, ko? Sau nawa ya buga?"

"Sau ɗaya, Hajo. Ni ma ɗaya na ji."

"Ɗaya," ta ce.

Ta sa farce ta ɗago haƙorin, ta danna, ya yi ƙara ya kwanta. Ta sake ɗago shi. A waje an fara zuba wa masu gaisuwa ruwa a buta.