Kwamfutar Zubair da Ƙwan Zabi

Zubair ya gama jami'a a Dutsin-Ma, aiki bai samu ba, sai ya harhaɗa wata kwamfuta mai fankoki uku don haƙar kirifto, kuɗin nan na intanet. Matsalar ita ce wuta, unguwarsu ba ta zama. Nan ya tuna da Gwaggo Hasana, yayar babansa da ke Tamawa, wadda ɗanta ya kafa mata sola da manyan batura, ita kuwa in ban da ƙwan fitila da rediyo ba abin da take kunnawa.

Ya ɗaure kayan a bayan babur ya kai. A ɗakin ajiyar hatsi ya girka kwamfutar, ya saita ta yadda ko ta mutu za ta tashi da kanta, shi kuma yana kallonta ta waya daga gida. Ya roƙi Gwaggo kada kowa ya taɓa. Ta tambaye shi ina ramin da za a haƙa, ya yi bayani har ya gaji. Ita dai ta kara hannu a bayan na'urar, ta ji iska mai ɗumi tana fita.

Da farko komai lafiya. Daga baya wayarsa ta fara nuna na'urar na ɗaukar zafi, aikin yana ja da baya. Ya kira Gwaggo, ta rantse mashi ko yatsa ba ta ɗora a kanta ba.

Da abin ya ishe shi ya hau babur ya tafi. Yana shiga ɗakin ya tarar da kwando jingine da bayan kwamfutar, an lulluɓe su tare da tsohon zane. Ya ɗaga zanen: ƙwan zabi ne jere cikin ƙaiƙayi, ga ƙoƙon ruwa a gefe.

“Gwaggo, ba na ce kar a taɓa ba?”

“Ai ban taɓa ba, Zubairu. Kusa da ita na aje. Kazar da ke kwance kansu muzuru ya kama, ita kuwa wannan zaune take ba ta zuwa ko'ina.”

Ya ce zai kashe ta ta huce. Gwaggo ta sha gabansa, ta ce wutarta ce, ba mai kashewa sai 'ya'yanta sun fito. Dole ya haƙura. Ya nemi alfarmar a janye zanen daga bakin fanka, ta yarda da rabi.

Ranar da suka fara ƙyanƙyashewa ta aika ya zo ya gani. Yana tsugune yana kallon 'yan tsakin, sai ga Nana Fatima maƙwabciya ta yi sallama, riƙe da ƙwaryar ƙwan agwagwa. Gwaggo ta ce mata ta jira, matar liman ta riga ta kama layi.