Ruwan Ƙanƙara a Lagireto

Fatu ta rasu da hantsi a Gwiwa, kuma cikin bazara ne, lokacin da ba a jan rai da gawa. Mijinta Muhsin ya bugo wa ƙanenta Sama'ilu waya a Babura, ya ce za a yi mata sallah bayan azahar, za su jira iya abin da za su iya.

Da Sama'ilu ne shi kaɗai, da tuni ya haye mashin ya kama hanya. To amma akwai Inna, mahaifiyarsu, wadda shanyewar ɓarin jiki ta zaunar tun bara. Da aka gaya mata ba ta yi kuka ba, mayafinta kawai ta ce a miƙo mata.

"Ka kai ni in ga fuskarta kafin a rufe," in ji ta. Iyakar abin da ta nema ke nan.

Sama'ilu yana da Fijo, tsohuwa tukuf, ta girmi 'ya'yansa duka. Kowa a Babura ya san ta da ƙishirwa. Ruwan rijiya yake ɗura mata, in lagireto ya fara yoyo ya zuba masa garin taba ya toshe, yadda ya ga direbobin tasha suna yi. Mutumin kirki ne, amma Allah ya zuba masa taurin kai, kuma a kan motar nan ba ya jin maganar kowa. Maƙwabta suka kama masa aka kwantar da Inna a kujerar baya, aka tokare ta da matashi.

Tun kafin duwatsun Kazaure su bayyana allurar zafi ta haura ja. Da ƙyar ya lallaɓa zuwa shagon Bartholomew, mai sayar da kayan mota, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta nuna. Bartholomew ya leƙa ta taga ya gaida Inna, ya ji abin da ya faru, ya yi musu ta'aziyya. Sannan ya shiga ya fito da galan biyu na ruwan sanyaya inji, ɗaya ja ɗaya kore.

"Jan nan na sababbin motoci ne, Malam Sama'ilu. Taka tsohuwa ce, koren ne nata. Amma ba yanzu ba. Ka bar injin ya huce, mu zubar da lakar da ke ciki, sannan a zuba."

"Har yaushe ke nan?"

"Ka ba shi ɗan lokaci. Sauri kan haifi nawa."

Sama'ilu ya dubi ƙasa, ya ga inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Ya taɓa galan ɗin koren, ya ji shi da ɗumi. A gefen shagon wata mata ce zaune da kula cike da ruwan leda, rabinsa ƙanƙara.

"Wannan naka ai shi ma neman mai yi masa fifita yake," ya ce. "Mai jin zafi ruwan sanyi ake ba shi."

Ba ganganci ba ne ya sa shi, a yi masa adalci. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san babu rahamar da ta kai ruwan sanyi a bazara, shi ake tarar baƙo da shi, shi ake shafa wa mai zazzaɓi. Abin da ya sani ke nan, shi ya yi wa motarsa. Ya naɗe hannu da tsumma ya murɗe murfin lagireton, tururi ya yi sama. Bartholomew ya riƙe masa hannu yana cewa ƙarfe mai zafi ba ya son sanyin gaggawa, tsagewa yake yi. Sama'ilu ya fizge, ya yi ta farke ledoji da haƙori yana ɗurawa. Can cikin injin wani abu ya ce ƙas, ƙara 'yar ƙarama, kamar an taka busasshen kara.

Allura ta sauko. Sama'ilu ya shiga ya ja mota, bai ko waiwaya ba.

Sun bar Kazaure, sun yi nisan da ba a komawa da ƙafa, sai farin hayaƙi ya fara fita ta salansa. Motar ta yi ta karkarwa, ta yi tari, ta mutu a gefen wata gona da aka share ana jiran ruwa. Ya murɗa makulli har batir ya gaji. Ya tura ta shi kaɗai zuwa inuwar wani gawo, gumi na shiga masa ido.

Tsakar rana ce, hanya ba kowa sai masu acaɓa jefi-jefi. Ɗaya ya tsaya don Allah, suka gwada ɗora Inna, amma jikin da ba ya riƙe kansa a kan tabarma ina zai riƙe kansa a kan mashin? Suka mayar da ita kujera tana haki. Daga wani ƙauye can nesa aka kira sallah.

Wayar ta yi ƙara, Muhsin ne.

"Kuna ina? Liman ya iso, an gama kabari, jama'a na tsaye a rana."

"Don girman Allah ku ƙara mana kaɗan. Mota zan samu yanzu."

"Sama'ilu, ka san zafin nan. Wallahi ba don mutane nake faɗa ba, don ita nake faɗa."

Baƙin ciki ya kama Sama'ilu, ga kunya, don ya san hannun wa ya yi wannan aiki. Sai ya ji muryar Inna daga baya.

"Ba ni wayar."

Ta karɓa da hannunta mai lafiya. Ta ce wa Muhsin ya kai wa matan da ke ɗakin gawar wayarsa, a kara ta a kunnen mamaciyar. Aka ɗan jima, ana jin takun ƙafa da koke-koke, sannan wata murya ta ce an kara.

"Fatu," in ji Inna. "Fatu, ni ce."

Sama'ilu ya juyo ya dube ta. Tun da ya zo duniya bai taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba. Fatu ce 'yar fari, kuma Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, sai dai "yarinyar nan" ko "waccan", har Fatu ta yi jikoki.

"Na taho, Allah bai yi ba. Ban taɓa gaya miki ba, amma ke ce sanyin idona. Na yafe miki duniya da lahira. Ki yafe mini ni ma."

Ta bar wayar manne da kunnenta, kamar mai jiran amsa. Da ta gaji da jira ta ce, "To. Ku rufe ta."

Sama'ilu ya zagaya bayan motar ya tsuguna, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro. Inna ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta kira shi.

"Ta ina Gwiwa take daga nan?"

Ya nuna mata da hannu.

"Zo ka juya ni in fuskanci can."