Shayin da Cuthbert Ya Ba Kakanninsa

"Kama igiyar nan, Ticha, ai ba maciji ba ce!"

Osbert ya kama. Ya tsufa yana koyar da lissafi a tsibirin Carriacou, iyakar saninsa da teku kuwa shi ne tana da kyau daga baranda. Amma maƙwabcinsa Cuthbert ne ya roƙe shi. Mutumin ya yi shekaru yana jan bas a Landan, ya dawo da fansho da ciwon zuciya, likita ya hana shi giya da gishiri da teku. Burinsa ɗaya: ya sake fita da tsohon jirginsa a bazarar nan, kafin matarsa Verlyn ta taso daga coci.

Ba a fita sai an ba magabata rabonsu. Cuthbert ya zaro kwalbar giyar rake, ya tsiyaya a goshin jirgin yana kiran kakanninsa ɗaya-ɗaya. Sannan ya kurɓa. Ya yamutsa fuska.

"Shayi ne."

"Wane irin shayi?"

"Shayi, Ticha! Matar nan ta juye giyar. Kakana da ya mutu da kwalba a hammata, yau na ba shi shayi. Ko sukari babu."

"To mu koma mana," in ji Osbert, har muryarsa na rawar murna.

Can kan tudu Verlyn ta ɓullo daga coci da hularta mai furanni, tana gangarowa a guje.

Cuthbert ya dubi hular, ya dubi teku. "In mun haɗu da kakannin na ba su haƙuri da bakina. Saki igiya."

Iska ta cika zanen jirgin. "Cuthbert! Tsohon banza! Ko maganinka ba ka sha ba!" Daga nan muryar Verlyn ta ɓace.

Da suka wuce duwatsu, Cuthbert ya kishingiɗa, hannunsa kan sandar tuƙi, yana murmushi. Osbert ya gama aman da teku ta sa shi, ya shiga ba shi labarin yadda aka danne masa ƙarin girma. Ya ji daɗi ƙwarai, don yau ne karon farko da maƙwabcin bai katse shi ba. Sai da ya kai ƙarshe ya taɓa kafaɗarsa. Ashe Cuthbert ya riga ya cika.

Osbert ya cire hularsa. Ya dubi igiyoyin da bai san aikin ko ɗaya ba. Daga nesa wani kwalekwalen masunta na tahowa. Bai ɗage hannun Cuthbert daga sandar ba. Jirgin na tafiya ɗoɗar, ruwa na darewa a hankali a gabansa.