Sitacin Inna Iyatu

Ina neman afuwar duk wanda wannan takarda ta faɗa hannunsa. Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai na iya, shi ma mafi yawansa a ɓoye nake yi. Sau uku ina yaga shafin farko. Abin da ya hana ni yaga na huɗu shi ne na ga in ban rubuta labarin Inna Iyatu ba, ba mai rubutawa, don ita ba ta ba da shi, sauran waɗanda suka san shi kuwa kowa da dalilinsa na yin shiru. In an ga kuskure, nawa ne.

Inna Iyatu tana ajiye ƙyalle na ƙarshe a kan benci ke nan, Malama Dorcas, mai koyar da kimiyya, ta turo ƙofar ɗakin kimiyya.

Ɗakin ya yi fes. Madubin likita ashirin da huɗu, irin wanda ake kafa ido a ga ƙwayoyin cuta, suna jere a kan bencuna shida. Bara aka kawo su cikin akwatunan katako, a zamanin da kuɗin mai ya sa kaya ke isowa makaranta kafin ma a roƙa. Kowane madubi ya zo da ɗan ƙyallensa na goge gilashi, mai ruwan toka, mai laushi kamar kunnen ɗan akuya. Yau ga su nan a gefen madubai, an ninke kowanne kusurwa uku, sun yi shuɗi-shuɗi, suna sheƙi.

"Malama, sannu da hanya," in ji Inna Iyatu. "Ya Birnin Kebbi? Kin ishe ɗakinki awa na amarya."

Kwana uku Malama Dorcas ta yi a can tana tsaron jarrabawa. A bayanta ne takarda ta zo cewa wani Manjo daga ofishin Gwamna zai duba makarantar 'yan matan ran Alhamis da ƙarfe goma sha ɗaya. Shugabar makaranta, Hajiya Sadiyatu, ta tara ma'aikata ta ce duk wani abu mai sunan ƙyalle a wanke shi, a sa masa sitaci, a goge. Wanki kuwa aikin Inna Iyatu ne shekara goma sha shida: labulaye, zannuwan gadon ɗakin magani, tuta, mayafin teburin shugaba. Daga Unguwar Rogo take takowa kullum, ta baro mijinta Illo da ciwon ƙafa ya kwantar shekara biyu. Ba ta da takardar ɗaukar aiki, amma tana da suna. Har matan manya na aiko mata da ɗankwali don su ji yadda sitacinta ke ƙara.

Malama Dorcas ta ɗauki ƙyalle ɗaya. Ya tsaya ƙiƙam a hannunta kamar kwali.

"Inna, me kika yi musu?"

"Na ishe su cikin durowa dut sun yi laɓo-laɓo awa tsumma. Na tafasa su, na sa bula, na sa sitaci sau biyu." Sai ta sassauta murya, ta kwance gefen zanenta ta fito da wani abu da ya ƙanƙance kamar busasshen ganda. "Wanga guda dai, Malama, ki gafarce ni. Dutsen guga na taɓa shi ya narke. Sauran sai da na riƙa ɗora zane bisa. Tun jiya abin ke damuna."

Malama Dorcas ko kallon narkakken ba ta yi ba.

"Kin goge madubai da su?"

"Dut. Idon sama da na ƙasa. Inda ya ƙi, na hura mai hucin baki na murza."

Malama ta sunkuya ta kafa ido a madubin farko. Ta murɗa, ta sake murɗawa. Ta koma na biyu, ta tsallake zuwa benci na gaba, ta duba na can ƙurya. Ko'ina fari fat, kamar an leƙa cikin kwanon kunu. Ta jawo kujera ta zauna, jakarta na rataye a kafaɗa.

"Inna, kin kashe ni da kirki."

"Subhanallahi. Mi ya faru?"

"Wannan ƙyalle ba auduga ba ne. Zarensa ya fi gashin jariri siriri, laushin nan da kika raina shi ne aikinsa. Ba ya son ruwan zafi, ba ya son dutse, sitaci kuwa toshe shi yake yi. Ruwan sanyi, ɗan sabulu kaɗan, a shanya a inuwa, shi ke nan. Yanzu sitacin duk ya koma kan gilashi."

"Ƙyallen da ba shi son wanki, wane irin ƙyalle na?"

"Na Turawa."

"To ai sai su faɗi."

"Sun faɗa. Ga shi can a jikin akwati."

"Da wane baki?"

"Jamusanci. Da Turanci a ƙasa."

Inna Iyatu ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Ta san tsarin ranar, don a gabanta aka karanta shi: Manjo zai shigo ɗakin kimiyya, a nuna masa ɓawon albasa a cikin madubi. In ya leƙa ya ga fari, zai tambaya. In ya tambaya, Hajiya za ta waiwaya, kuma waiwayen manya a kan na ƙasa yake tsayawa. Watannin nan kullum rediyo na karanta sunayen waɗanda aka sallama daga aiki nan take, manyan sakatarori da alƙalai ma ba su tsira ba. Wani masinja a ma'aikatar da ke bayansu, silifa kawai soja ya gani a ƙafarsa aka kore shi. Ita ko sunanta ba za a wahalar da rediyo da shi ba. Za a ce mata kada ta zo gobe, ta koma ta zauna ita da Illo suna kallon juna.

"Malama," ta ce, "in anka tambaya, ki ce ni ta. Kar ki ɗauki laihin da ba naki ba, ke da ƙananan ɗiya."

"Inna, bar maganar laifi. Ƙarfe nawa?" Ta duba agogonta da kanta. "Goma saura kwata. Ɗauko baho."

Suka kwashi ƙyalle huɗu suka zaga bayan ɗakin, inda famfo ke ɗiga ƙarƙashin dogon yaro. Ruwan famfon ya riga ya ɗauki zafin bazara, sai da Inna Iyatu ta ruga kicin ta ɗebo na randa. Ta tsoma ƙyallayen, ruwa ya yi fari. Ta zubar, ta sake. Hannunta ya kama ɗaya zai murɗe yadda ya saba.

"Kar ki murɗe! Matsa shi a hankali, kamar kina taɓa tumatir a kasuwa."

"Yau ni aka koya ma wanki," in ji Inna Iyatu, tana matsawa. "Da uwata na da rai da ta sha kallo."

"Da tawa na nan da ta goyi bayanki. Har littafin waƙoƙin coci sai da ta so ta sa wa sitaci."

Sai a ɗauraya ta biyar ruwan ya fita garau. Suka shanya a reshe, a inuwa. Abu ɗaya da Sakkwato ba ta yi wa mai wanki rowarsa shi ne shanya, kafin su gama wanke bahon ƙyallayen sun sha iska. Ba su koma yadda suke da ba, amma sun yi laushi, sun yamutse, sun koma kamar tsumman da Inna Iyatu ta tarar a durowa. Malama Dorcas ta ɗiga wani ruwan magani daga 'yar kwalba, ta bi gilashin a hankali, zagaye-zagaye. Madubi ɗaya ya buɗe. Na biyu ya buɗe.

"Zo ki gani, Inna."

Inna Iyatu ta kafa ido. Shekara guda tana share ɗakin nan ba ta taɓa leƙawa ba. Ta ga wasu 'yan ɗakuna a jere kamar tubalin gini, kowane da ɗigo a ciki.

"Albasa ta wagga?"

"Ita ce."

"Ikon Allah. Shekara hamsin ina yanka ta."

Uku suka samu suka gyara, duk a bencin gaba, suka ajiye ƙyallayen da suka ɗauraye a gefensu. Dabarar Malama ita ce ta tari Manjo a ƙofar gaba ta tsayar da shi a nan. Ta ce a kwashe sauran ƙyallayen a ɓoye, Inna Iyatu ta fara tattarawa, sai ga Hajiya Sadiyatu ta faɗo ɗakin tana haki, gyalenta na zamewa.

"Ke Iyatu, mi kike yi? Mayar da su! Su kaɗai ne abin kallo a ɗakin nan."

"Hajiya, akwai maganar da nake so in..." in ji Malama Dorcas.

"Bayan sun tafi, Malama."

Jiniya ta tashi a bakin ƙofar makaranta. Ƙarfe goma da rabi. Sojan lokacin suna son zuwa kafin lokaci, don su ga abin da ba a shirya musu ba.

Kuma ta ƙofar baya Manjo ya shigo, don ita ce kusa da inda motarsa ta tsaya. Inna Iyatu ba ta sami hanyar fita ba, ta raɓe tsakanin kabad da bango, baho a ƙirji. Manjon saurayi ne, bai fi sa'ar ɗanta na fari ba, kakinsa ya sha guga har karin wandon na iya yanka hannu, sanda a hammata. Bayansa mutum bakwai ko takwas, ɗaya riƙe da littafi da biro. 'Yan aji huɗu da aka shigo da su suka miƙe tsaye a bakin bango suka gaishe shi da murya ɗaya.

Ya tsaya a bencin baya, gaban madubin da ya fi kowanne shan sitaci. Ya sunkuya. Inna Iyatu ta fara karanta duk abin da ya zo bakinta.

Hannunsa ya wuce madubin ya ɗauki ƙyallen. Ya juya shi. Ya ɗalle shi da yatsa, ya yi ƙara. Ya kara shi da hannun rigarsa yana gwadawa.

"Kun ga wannan?" ya ce da mutanensa. "Wuri goma sha ɗaya na shiga makon nan. Sai yau na ga alamar akwai wanda ya san an shiga sabon zamani. Wanda ya kula da ƙyalle haka, ba sai na duba sauran aikinsa ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji mutum bakwai ko takwas.

Ya bi bencuna yana gyaɗa kai har ya kai na gaba, inda Malama Dorcas ke tsaye. Nan ya tsaya cak. Ya sa bakin sandarsa ya ɗago ɗaya daga cikin ƙyallayen da aka ɗauraye, ya bar shi yana lilo.

"Wannan fa?"

"Ranka ya daɗe, wannan shi ne yadda ya kamata..."

"Malama, naki ne ba ki gama ba?"

Aka yi dariya. Hajiya Sadiyatu ta fi kowa.

"Yau ɗin nan za a gyara shi, ranka shi daɗe," ta ce, tana yi wa Malama wani kallo.

Malama Dorcas ta bar maganar ƙyalle. Ta nuna madubin da hannu biyu. "Ko za ka leƙa, ranka ya daɗe? Ɓawon albasa ne."

"Na san albasa, Malama."

Aka sake yin dariya. Ya juya ga mai littafi ya ce a rubuta: duk makarantar da aka ba irin waɗannan na'urori a jihar nan, a riƙa wanke ƙyallayensu ana sa sitaci ana gogewa kamar na nan, kowane mako. Biro ya yi ta gudu.

"Wa ya yi gugar?"

"Wata dattijuwa ce tamu, Iyatu," in ji Hajiya. "Ni na ba ta umarni, na tsaya a kanta."

"Shekararta nawa a nan?"

"Goma sha shida."

"Tana da takardar aiki?"

Hajiya ta gyara gyale. "Ana kan shiryawa, ranka shi daɗe."

"A ba ta kafin ƙarshen wata. Rubuta. Ina take? A kira ta in gan ta."

Kowa ya juya wajen ƙofar gaba, don ta nan ake hango igiyar shanya. Hajiya ta leƙa waje tana ƙwala kira. Daga bayan kabad Inna Iyatu ta hangi Malama Dorcas. Idonta na ƙasa, ba a gane ko dariya take dannewa ko kuka. Ita kuwa Inna Iyatu, shekara goma sha shida tana wankin da ba a taɓa mayar mata da shi ba, ba wanda ya tambayi sunanta. Ta ji daɗi, ba za ta yi wa Allah ƙarya ba, ta ji daɗi ƙwarai. Amma ta kasa ɗaga ƙafa ta je ta durƙusa a yi mata sannu da wannan aikin.

Duk sun ba ta baya. Ta miƙa hannu ta zare ƙyallayen bencin baya ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a baho, ta rufa gefen mayafinta a kai. Ana can ana aika ɗalibai su dubo ta a wajen shanya, ita kuwa ta sulale ta ƙofar baya, ta bi jikin bango ta nufi kicin, inda randa take.