Shafin Laraba a Tagar Mbah Darmaji

"Sake dokawa, Pak!" in ji Bu Tukinah. Mai unguwa Pak Harjo ya ja da baya, ya bangaji ƙofar da kafaɗa, sakata ta ɓalle.

A banɗaki suka tarar da tsoho Mbah Darmaji, kwance gefen tankin ruwa, zanensa sharkaf, ƙafa ɗaya a karkace. Pak Harjo ya durƙusa ya taɓa wuyansa, ya ja salati.

Tsohon malamin firamare ne, shi kaɗai a gidan tun rasuwar matarsa. 'Yarsa Lastri tana Hong Kong tana jinyar tsohuwar wasu, nata tsohon kuma sai dai ta aiko masa da kalandar tebur duk shekara, irin mai wasan cike gurbin kalmomi, kowace rana da shafinta. Da safe yakan yage na jiya, ya cike na yau da fensir, ya juya kalandar ta fuskanci taga. Bu Tukinah, mai suyar ayaba a gidan da ke kallon nasa, da ta ɗaga kai ta ga kwanan wata daidai, ta san tsoho ya tashi lafiya. Haka suka yi da Lastri. Ya hana a riƙa buga masa ƙofa, wai shi ba jariri ba ne.

Matsalar ita ce, amsar wasan yau a ƙasan shafin gobe ake buga ta.

Ranar Talata ta ɗaga kai ta ga Laraba. Dariya ta kama ta.

"Mbah! Yau Talata ce fa! Ka leƙa amsa ko? Tsofai-tsofai da kai!"

Ya leƙo, tabarau a kan hanci. "Kalma ɗaya ce ta tsaya min a wuya, Tukinah. Wai kogin wata ƙasa. Ni da ban taɓa wuce Surabaya ba, ina ruwana da kogin mutane?"

"Da ɗalibinka ne ya yi haka, da ya sha bulala!"

"Soya ayabarki, tana ƙonewa."

Washegari man suya yana tafasa, masu saye sun yi cirko-cirko, ta ɗaga kai ta ga Laraba, ta ci gaba da suyarta. Wallahi ko kaɗan zancen jiya bai faɗo mata ba. Sai yau Alhamis, da ta ga Larabar tana nan, ta ruga ta kira mai unguwa.

Malamar asibitin unguwa ta duba shi, ta rage murya, amma Bu Tukinah ta ji. "Ƙugu ne ya karye. Ya daɗe a kwance a nan. Cikawar ce dai ba ta daɗe ba."

Da aka kafa tutar takarda rawaya, alamar rasuwa, a bakin lungu, Lastri ta bugo waya.

"Bu, ba kin ce kullum kina duba tagar ba?"

"Na duba, 'yata."

Lastri ta ja shessheƙa. "Ya sha wahala?"

"A'a," in ji Bu Tukinah. "Nan take ne." Ƙaryar ta fi duk wani abu da ta taɓa ɗauka nauyi.

Bayan maza sun tafi maƙabarta, ta shiga wanke banɗakin, don ba ta iya zama cikin mata. A bayan bokiti ta ga moɗar wankansa ta roba a tsage, famfon bango kuma duk ya goge a wuri ɗaya, daidai inda hannun mutum kwance zai kai.

Nan ta gane da moɗar ya yi ta bugun famfon. Jiya da hantsi ta yi ta jin ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ta ɗauka mai taliya ne da ke buga katako a kekensa don kiran masu saye. Har kwano ta ɗauka ta fito, ba ta ga kowa ba, ta koma tana mitar mutumin bai iya jira ba.

Da la'asar mai taliyar ya shigo lungun. Ganin tutar, ya ajiye sandar bugunsa, ya turo keken a hankali.

"Bu, a zuba kwano ɗaya?"

Bu Tukinah tana zaune a dokin ƙofar Mbah Darmaji da moɗar a cinyarta, ragowar ruwan yana bin tsagar, yana ɗiga a kan ƙafarta.